Jan zoɓo a shekarar da damina ta yi gardama: yadda ake gane na kirki, daga Belel zuwa Bordo

Idan kaka ta yi nisa, iskar hunturu ta fara busar da leɓe, mai ratsa ƙauyukan ƙasar Belel zai riƙa cin karo da wani ja a tsakar gidaje da gindin rumbuna. Zoɓo ne aka ɓare aka baza a kan tabarmi da tsofaffin buhuna yana shan iska. Ba shi ne babban amfanin gonar yankin ba. Masara da dawa da gyaɗa da wake su ne ke cika rumbu, ita kuwa yakuwa a gefen gona ake jera ta, ko a tsakanin kunyoyin gyaɗa, wani lokaci ma don ta zama shaidar iyaka tsakanin gonar wane da ta wane. Fulanin yankin da maƙwabtansu na tsallaken iyaka suna kiran ta follere. Ganyenta na miya ne, 'ya'yanta na daddawa, jan ɓawon da ke lulluɓe da ƙwanson 'ya'yan kuma shi ne zoɓon da ake jiƙawa a sha. Kuɗin da ke fitowa daga wannan gefen gona galibi hannun mata yake shiga, kuma da shi ake toshe ƙananan kafofin da kuɗin masara ba ya kaiwa: sabulu, littafin makaranta, maganin zazzaɓi, gudummawar biki.

A shekarar da damina ta tafi daidai, cinikin ba shi da wata doguwar magana. A shekarar da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, ko ya yi yawa har ya kwanta a gona, ko ya tsaya tun kafin amfani ya nuna, sai labarin ya sauya. Mai saye yakan iso da hukuncinsa a baki tun bai kwance buhu ba, cewa kayan bana ba su yi kyau ba, saboda haka farashi sai an yi haƙuri. Mai kaya kuwa ta san damina ta yi gardama, ta ga yadda tsiron ya tsumbure, don haka ba ta da bakin musu. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne ko ƙarancin kaya da rashin ingancinsa abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu kuɗi ne da ke fita daga wani hannu ya shiga wani.

Belel tana cikin Ƙaramar Hukumar Maiha, kudu da Mubi, a bakin iyakar Kamaru. Tana cikin gundumomin da Jamus ta mulka, daga baya suka koma hannun Ingila a matsayin yankin amana, har zuwa ƙuri'ar raba-gardama ta watan Fabrairun 1961 wadda ta shigar da Arewacin Kamaru cikin Nijeriya. Har yau Garwa ta fi Kano kusa da mai kaya a Belel nesa ba kusa ba, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, mai riƙe da sefa ya ƙara ƙarfi a kasuwannin bakin iyaka. A can tsallake ma ana shan jan ruwan follere kamar yadda ake shan zoɓo a Wuse ko Nyanya. Ma'ana, zoɓon Belel yana da ƙofofi biyu, ta gida da ta waje, kuma a kowacce akwai mai sa hannu cikin buhu ya yanke masa daraja.

Darasin da ke cikin gonakin inabi na Faransa

Akwai wata sana'a a duniya da ta shafe ɗaruruwan shekaru tana fama da wannan tambaya, ta kuma rubuta amsoshinta shekara bayan shekara. Ita ce sana'ar masu noman inabi da matse shi a Faransa. Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba su da hulɗa da giyar inabi, addini ya raba su da ita, kuma ba ita ce abin nema a nan ba. Abin dubawa shi ne yadda mutanen da arzikinsu ya rataya a kan wani jan ruwa suka koyi raba labarin shekara da abin da ke cikin ƙoƙo.

A ƙarshen watan Maris na 2021 an yi wani ɗumi da bai saba zuwa a lokacin ba a Faransa. Kurangar inabi ta ɗauka bazara ta shigo, ta fitar da toho. Sai a makon farko na Afrilu sanyi ya dawo da ƙarfi, dare uku a jere raɓa tana daskarewa a kan sabon tohon tana ƙona shi kamar an bi shi da wuta. Hotunan da suka zaga duniya a lokacin na manoma ne da suka jera dubban gwangwanayen kyandir a tsakanin layukan inabi cikin dare, suna neman ɗaga zafin iska ko da da ɗan kaɗan. Ministan noma na lokacin, Julien Denormandie, ya bayyana abin a matsayin wanda wataƙila shi ne bala'in noma mafi girma a farkon wannan ƙarni, gwamnati kuma ta yi alkawarin tallafin yuro biliyan 1. Da aka kammala girbi, abin da ƙasar ta samar ya gaza na 2020 da kusan kashi ɗaya cikin biyar, a wasu gonakin yankin Burgundi kuwa asarar ta fi rabi.

Yadda sanyin ke ɓarna shi ne abin lura. Tohon farko shi ne mai ɗauke da mafi yawan 'ya'ya. Idan ya ƙone, kurangar takan fitar da na biyu, amma wannan ba ya 'ya'ya da yawa, kuma ya makara da makonni. Saboda haka a gona ɗaya, wani lokaci a kuranga ɗaya, sai a samu nonon inabin da ya nuna da wanda bai kai ba. Manomin da ya haɗa su ya matse zai samu ruwa mai ɗanyen ƙamshi da tsami mai kaifi. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ware, ya yarda ya yi asarar yawa, zai iya fitar da kaya kaɗan masu kyau. Sanyin da kansa yawa yake ragewa. Inganci kuwa sauran watannin shekara ne ke yanke shi, tare da hannun mai tsincewa.

Tarihin yankin Bordo ya nuna haka ta fuska biyu. A 1945 da 1961 sanyi ya rage amfani ƙwarai, amma rani mai kyau ya biyo baya, 'yan 'ya'yan da suka tsira suka nuna sosai, har yau kuma ana lissafa waɗannan shekaru biyu cikin mafi daraja a ƙarnin da ya wuce. A 1991 sanyin Afrilu ya yi irin wannan ɓarna, sai ruwa ya sauka a lokacin girbi, shekarar ta tafi ba tare da wani suna ba. A 2017 sanyin ƙarshen Afrilu ya cinye kusan kashi 40 cikin 100 na amfanin yankin, amma ya bi kwari ya bar tudu, ya kuma ƙyale gonakin da ke kusa da bakin kogi, don haka maƙwabta biyu suka fito da kaya mabambanta a shekara ɗaya. Ita kuwa 2021 ba sanyi kaɗai ta sha ba, damshin rani ya kawo mata cutar fumfuna.

Kowace shekara a watan Afrilu, 'yan kasuwa da masu ɗanɗano sukan hallara a Bordo su gwada abin da aka matse watanni shida da suka wuce, tun yana cikin ganga bai kai shiga kwalba ba. A kan wannan gwaji ake sa farashi, a biya kuɗi, kayan kuma sai bayan kusan shekara biyu za su isa hannun mai saye. Suna duban launi, su shinshina, su auna tsami da bauri, wato irin baurin nan da ke kama harshe idan an tauna goro ko ɗanyen bagaruwa, su kuma lura ko ɗanɗanon yana daɗewa a baki ko yana gushewa nan take. Tsarin yana da nasa aibi, domin mai gona ne ke zaɓar gangar da za a ɗiba, kuma an sha yin hasashen da lokaci ya ƙaryata. Sai dai yana da wata ƙa'ida da kasuwar ƙauye ta rasa: ba a yanke wa gona hukunci da sunan shekara, sai an ɗanɗana nata.

Abin da fari ke yi wa yakuwa

Raɓa ba ta daskarewa a Belel. Abokan gabar yakuwa a nan su ne ɗaukewar ruwa bayan shuka, kwanciyar ruwa a gindinta, da kuma ruwan ƙarshe da kan sauko bayan an baza zoɓo. Kowannensu da irin tabon da yake bari.

Yakuwa tsiro ce da ke kallon tsawon yini. Ba ta fure sai rana ta fara gajarta, wajen watan Satumba zuwa Oktoba, ko da wane lokaci aka shuka ta. Wannan shi ya sa shekarar fari take kama da shekarar sanyin Faransa. Idan shukar farko ta ƙone aka sake wata a makare, ta biyun ba za ta jira ta girma ba, za ta yi fure tare da 'yan'uwanta da suka tsira, tana gajeruwa mai 'yan rassa. Rassa kaɗan, fure kaɗan, zoɓo kaɗan. A gona ɗaya sai a samu manyan ɓawo masu kauri daga tsohuwar shuka da ƙanana sirara daga sabuwa. Idan an zuba su wuri ɗaya, mai saye zai ɗebo ƙananan ya nuna, ya sa wa buhun duka farashinsu.

Amma ƙanƙantar ɓawo ba ita ce rashin launi ba. Jan da ke cikin zoɓo wani sinadari ne da masana ke kira antosayanin, kuma danginsa ne ke rina fatar jan inabi. Tsiron da ya sha ɗan ƙishi bayan ya kafu ba lallai ne ya rasa wannan sinadari ba, sau da yawa ma ɗan abin da ya haifa yakan fito da ja mai duhu. Yakuwa tana da saiwa mai nitsewa, ta fi masara jure fari nesa ba kusa ba. Abin da ba ta jurewa shi ne ruwa ya kwanta mata, domin saiwar takan ruɓe. Saboda haka shekarar da aka yi kukan fari a kan masara tana iya zama shekarar da zoɓo ya yi kaɗan amma ya yi kyau, shekarar da kowa ke murnar ruwa kuma ta bar zoɓon fadama da rauni.

Mafi yawan abin da ke lalata zoɓo ma bayan an yanke shi yake faruwa. Ana cire shi ne makonni biyu zuwa uku bayan furen ya faɗi, lokacin da ɓawon ya cika bai kuma yi tauri ba. A shekarar da hatsi ya gaza, buƙatar kuɗi takan sa a yi gaggawa a cire shi bai ƙosa ba. Ɓarewa aiki ne mai cin rai, ƙwanson yana da ƙaiƙayi, yatsu kuma sukan yi tsami su tsattsage. Sai shanya. Kimanin kilo 10 na ɗanye ne ke ba da kilo 1 na busasshe, wato kusan duk nauyinsa ruwa ne da dole ya fita da wuri. Idan an tara shi da kauri, ko aka kwashe shi da sauran laima aka danna a buhun leda, cikinsa zai yi zafi ya yi fumfuna. Idan an baza shi a ƙasa tsirara ko a gefen titi, zai kwashi yashi da kashin awaki. Idan an bar shi kwana da kwanaki a tsakiyar rana bayan ya riga ya bushe, jan zai koɗe ya koma ruwan ƙasa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba laifin damina ba ne, amma duka a wuyanta ake rataya su.

Hannu, hanci, ido, sannan harshe

Ƙwararren mai saye yana da hanyarsa, kuma ba ta da nisa da ta mutanen Bordo, illa dai shi ba ya rubutawa. Yakan tura hannu can tsakiyar buhu, ba sama ba inda aka yi wa kaya ado. Busasshen zoɓo yana da ƙara idan an damƙe shi, yana karyewa, ba ya lanƙwasa. Wanda ya yi laushi kamar fata, ko ya yi sanyi a tafin hannu, da sauran ruwa a jikinsa, ko dai bai gama bushewa ba ko an yayyafa masa don ya yi nauyi. Masu saye daga ƙasashen waje galibi ba sa karɓar wanda danshinsa ya wuce kashi 12 cikin 100. Daga nan sai hanci. Sabon zoɓo yana da ƙamshi mai ɗan tsami, tsaftatacce. Warin ɗaki mai laima alamar fumfuna ce, warin hayaƙi na nuna an shanya shi kusa da murhu, warin magani kuwa shi ne mafi muni, za a zo kansa. Sai a zazzage ɗan kaɗan a faranti a ga abin da zai taru a ƙasa: yashi, tsakuwa, gurguzu, karmami. A ƙarshe a duba ko launin ɗaya ne. Tsohon zoɓon bara da aka cakuɗa da sabo yakan tona kansa, domin ya dushe ya yi ruwan ƙasa a tsakanin jajaye.

Duk wannan duban busasshe ne. Hukunci na gaskiya sai an jiƙa, kuma a nan ne kasuwa ta fi yin sakaci, alhali gwajin bai fi ƙarfin kowane ɗakin girki ba. A auna zoɓo daidai wa daida daga kowane buhu, da ma'auni idan akwai, domin ƙanana sun fi manya cika kwano. A zuba wa kowanne ruwan zafi daidai, a ba su lokaci ɗaya, a tace a kofin gilashi. Ba sukari, ba citta, ba kanumfari, ba ɓawon abarba. Waɗannan su ne ke rufa wa mugun zoɓo asiri a robobin da ake sayarwa a bakin sakatariya. A ɗaga kofin a gaban farar takarda. Na kirki ja ne mai zurfi, garau, yana ɗan karkata zuwa shuɗi-shuɗi a gefe. Wanda ya karkata zuwa ruwan ƙasa ya tsufa ko rana ta cinye shi, wanda ya yi gurɓi kuma akwai ƙura ko fumfuna a tare da shi.

A baki, tsami ne zai fara zuwa, kuma ba aibi ba ne, shi ne ƙashin bayan abin shan. Abin nema shi ne ko akwai wani abu a bayan tsamin: ɗan zaƙi-zaƙi na 'ya'yan itace, da bauri kaɗan da ke saura a harshe. Zoɓon da aka cire bai ƙosa ba tsami ne tsagwaronsa da ɗanyen ɗanɗano irin na ganye, sai ya wuce ya bar baki fayau. Daga nan a sake zuba ruwa a kan tukar. Mai ƙarfi zai sake ba da ja a karo na biyu, rarrauna kuwa ya gama bayar da abin da yake da shi. Ga mai sana'ar zoɓon sha, wannan jiƙo na biyu shi ne riba ko faɗuwa, domin shi ke nuna roba nawa mudu ɗaya zai cika. A nan ne ƙaramin ɓawon shekarar fari kan ba da mamaki.

Akwai kuma wani gwaji da ɗaliban kimiyya na sakandare suka sani. Antosayanin yana sauya launi gwargwadon abin da ya haɗu da shi. Ɗigon lemun tsami zai sa jan ya ƙara haske, ɗan ƙwayar kanwa kuma zai juya shi ya yi duhu, ya koma shuɗi ko kore-kore. Ruwan da aka rina da kalar kanti ba ya yin wannan juyi yadda ya kamata, yakan tsaya a jansa. Duk wanda ke sayen zoɓon roba a ofis yana iya gwada wannan sau ɗaya, ya san abin da yake sha.

A wuri ɗaya zoɓo ya saɓa wa abin da mutanen Bordo ke gwadawa. Su suna hasashen yadda kayansu zai gyaru da shekaru. Zoɓo ba ya gyaruwa da ajiya, daga ranar da ya bushe raguwa yake yi, zafi da haske da laima suna cin launinsa a hankali. Don haka tambayar mai duban sabon zoɓo ita ce wata nawa zai kai bai faɗi ba. Tambaya ce ta kuɗi, domin farashi yakan faɗi a kaka lokacin da kowa ya fito da nasa, ya tashi idan zafi ya shigo da kuma lokacin azumi, wanda a 'yan shekarun nan yake faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris, watanni kaɗan bayan girbi. Mai zoɓon da ya bushe ƙarau tana iya jira. Mai wanda ke da sauran laima gara ta sayar yau, ko a farashin da ba ta so.

Inda abin ya shafi teburin Abuja

Wani zai ce wannan duk maganar kasuwar ƙauye ce. Ba haka ba ne. Zoɓo yana cikin amfanin gonar da Nijeriya ke fitarwa waje, cibiyar cinikinsa kuma tana Jigawa da Kano, inda kasuwar Maigatari ta yi suna a kansa. Babban mai saye shi ne Meziko, inda ake shan jiƙonsa da sanyi a gidajen abinci kamar yadda ake yi a nan, kuma abin da ƙasar ke nomawa a jihohi irin su Gerero ba ya isar ta. Hukumar kula da killace amfanin gona ta ƙasa, NAQS, ta taɓa bayyana cewa a 2017 an tura kwantena 1,983 zuwa Meziko, na kimanin dala miliyan 35. Bayan haka ne aka gano ƙwaron rumbu da ake kira kapra a cikin wasu kaya, cinikin ya tsaya, aka shafe shekaru ana tattaunawa kafin a sake buɗe ƙofa bisa sharaɗin turara kaya da duba su kafin a loda.

Wannan ƙwaro ba ruwansa da damina. Tsutsarsa tana iya laɓewa a tsagar bango ko saƙar tsohon buhu ta yi watanni ba ta ci komai ba. Buhun da ya ɗauki hatsi bara aka zuba masa zoɓo bana ya isa ya kai ta tashar jiragen ruwa. Manyan 'yan kasuwa kan tattaro kaya daga ƙananan kasuwanni masu yawa su haɗa, don haka buhu ɗaya daga wani lungu yana iya jawo wa kwantena guda hukunci, kwantena ɗaya kuma ta jawo wa ƙasa.

Tsoron ƙwaro shi ke kai mutane ga abin da ya fi ƙwaron illa, wato fesa maganin ƙwari kai tsaye a kan kayan da za a ci. Nijeriya ta riga ta ɗanɗana sakamakon wannan. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dikilobos da aka riƙa samu a cikinsa, dakatarwar kuma aka yi ta tsawaita ta. Zoɓo ya fi wake haɗari ta wannan fuska, domin ba kowa ke wanke shi sosai ba, wasu ma jiƙa shi kawai suke yi a ruwan sanyi. Ga shi kuma mutane da yawa suna shan sa ne da niyyar lafiya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010, ya samu cewa kofi uku na jiƙon zoɓo a kullum na tsawon mako shida ya rage hawan jini da kimanin maki 7 a tsakanin mutanen da nasu ya fara hawa. Ma'aikacin da ya bar lemun kwalba ya koma zoɓo saboda wannan dalili ya cancanci ya samu wanda ba a fesa wa guba ba.

Gwamnatin Tarayya ba ta rasa idanu a kan damina ba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi a farkon kowace shekara, da lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa da wuraren da ake tsoron fari. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana zagaya jihohi ta fitar da rahoton yadda daminar ta kasance. Sai dai hankalin irin waɗannan rahotanni ya fi karkata ga masara da shinkafa da dawa, kuma tan nawa aka samu suke ƙirgawa. Da wannan ƙidaya ake rubuta takardar da hadimi zai miƙa wa mai gidansa, a ciki a ce shekara ta yi kyau ko ta ɓaci. Kalmar takan sauko daga takarda zuwa rediyo, daga rediyo zuwa bakin dillali, ta isa Belel ta zama dalilin rage farashin kayan da ba wanda ya jiƙa ya gani. Wanda ke rubuta irin wannan takarda zai yi adalci idan ya raba jimlarsa biyu, ya faɗi abin da ya samu yawa, ya kuma bar maganar inganci sai an gwada.

Abin da ya fi wannan wuya shi ne rashin matakin daraja da mai kaya za ta iya dogara da shi. Kamfanonin fitarwa suna da nasu sharuɗɗa na danshi da tsafta da launi, amma a rumbunansu na Kano ake aiki da su, bayan kaya sun bar hannun manomi. Ribar tsincewa da rairayewa a can take zama. A ƙauye kuwa mudu ne ko buhu, kuma farashi ɗaya ne ga wadda ta shanya a tabarma a inuwa da wadda ta baza a ƙasa. Muddin haka ne, wahalar ware manya daga ƙanana, da sayen sabon buhu, da jiran kwana biyu don kaya su bushe sosai, ba ta da lada a kasuwa, kuma ba za a ga laifin wadda ta ƙi yin ta ba. Kayan aikin da za su sauya wannan ba masu tsada ba ne: ma'aunin nauyi, na'urar auna danshi ta hannu irin wadda masu sayen hatsi ke yawo da ita, tamfol na shanya, da kofunan gilashi guda huɗu ko biyar a rumfar sarkin kasuwa. Ofisoshin aikin gona na ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin mata manoma suna iya riƙe su, kamar yadda ake riƙe ma'aunin auduga a da.

A Belel ana fara ganin sabon zoɓo a kasuwa daga wajen Nuwamba, ya yi yawa a Disamba. A waɗannan makonni ne mai kaya ke yanke shawarar ko ta sayar wa mai sefa, ko ta ba mai tattarawa zuwa Mubi, ko ta ɗaure bakin buhu ta ɗora a kan katako a ɗaki mai duhu ta jira azumi.